Yadda "lalacin safiya" ya samu suna a asibiti

1/ Masu kaiwa ƙarfe 3 ko 4 na dare ido biyu, da safe kuma sai an yi dambe kafin ku tashi, ku matso, ni ma ɗayanku ne. Abin nan da ake ce mana lalaci yana da tarihi. Zare 🧵

2/ A 1729 wani Bafaranshe, de Mairan, ya ajiye wata shuka mai naɗe ganye da dare a cikin duhu. Ba ta ganin rana, amma ta ci gaba da buɗewa da rufewa a kan lokaci. Ashe agogon a jikinta yake.

3/ Mutum fa? A 1962 Michel Siffre ya yi wata biyu a kogo, ba agogo ba rana. Lissafin kwanaki ya kuɓuce masa, amma jikinsa bai daina zagayensa ba, na awa 24 da kusan rabi.

4/ Namu labarin sai 1981. Elliot Weitzman da abokan aikinsa a asibitin Montefiore, New York, suka lura da wasu da ake cewa suna fama da rashin barci. In an ƙyale su su kwanta gab da asuba su tashi da hantsi, barcinsu lafiya ƙalau. Lokacin ne kawai ya goce. Shi ne DSPS, jinkirin agogon barci.

5/ Maganin da suka gwada ya ba ni dariya wallahi: tunda ka kasa kwanciya da wuri, kullum ka ƙara jinkirta barci da awa 3, har ka zagayo lokacin da kake so. Kusan mako guda kenan. Mai lakcar ƙarfe 8 ina zai samu wannan hutun?

6/ A 2017 masu bincike a Jami'ar Rockefeller suka gano sauyi a ƙwayar gado CRY1 da ke tsawaita agogon wasu iyalai. Shugaban ɗakin binciken, Michael Young, ya samu Nobel a shekarar.

7/ Yau likitoci sun fi amfani da hasken safiya da melatonin, kuma lokacin shan sa ne babban abu, kar ka yi gaban kanka. Hasken waya da dare yana ƙara tura agogon, gaskiya ne. Amma marasa lafiyar Weitzman ba su da TikTok.