Zayyanar Allo da Tsarin Zane

Garinmu Malanville ya ci sunan Henri Malan, gwamnan Faransa a Dahomey, amma ilimin tsara zane ya riga Turawa isowa bakin Kwara. A kan allon saukar Alƙur'ani muka gaje shi. Mai zayyana yakan fara da shata iyaka, ya raba allo gida-gida, ya keɓe wa ayoyi filinsu, kana ya sa ja da rawaya da kore, kowanne da gwargwado, dama ta yi daidai da hagu. Yaranmu masu zanen barkwanci a waya kuwa sukan cika fage har ido ya rasa masauki, ga shi kuma masu zayyanar da za su gyara musu hannu sun ƙaranta a tsangayunmu.