Darasin abinci da duwatsun Keita

A ajina na kwaleji, duk ranar da na ambaci anza ko tafasa sai dariya ta ɓarke. Wata ɗaliba ta taɓa ce mini: "Mushe, ai wannan abincin yunwa ne." Ban ga laifinta ba. Ni ma a shekarar El Buhari, 1984, na san anza, wadda iyayenmu mata ke jiƙawa kwana da kwanaki suna sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita.

A shekarar nan aka buɗe aikin raya karkara na Keita, da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO. Ƙasar Adar ta zaizaye, maza sun tafi cirani. Mata ne galibi suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera su a gangare don tare ruwan sama, suka haƙa ramuka a kan tsaunuka aka dasa miliyoyin itatuwa. Ladansu abinci ne. Kafin haka, tun 1975, an soma jera dogon yaro a kwarin Majiya, yankin Buza, don iska ta daina binne gero. Yawancin ɗalibaina suna ratsa wuraren nan ba su san wanda ya yi su ba.

To, mu malamai me muke koya musu? Mu zana rukunonin abinci a allo, da misalan da ba a nomawa a Tawa, su haddace. A tashi shan iska, su nufi taliya da lemun kwalba. Alhali wake, zogale, kuka, yakuwa da furar gero da nono suna gida, ga albasar kwarin Tarka a kasuwar Madawa. Ganyen nan sun riƙe mutane a fari saboda suna jure ƙarancin ruwa, amma dalilin da ya sa aka raina su ke nan.

Bana na sauya salo. Na ce kowane ɗalibi ya tambayi kakarsa abin da aka ci a 1984 da 2005, da yadda ake sarrafa shi. Iyaye, in yaro ya zo da littafi, ku ba shi lokaci. Ɗalibar da ta yi mini dariya ta dawo da shafi uku. Ashe kakarta na cikin masu dakon duwatsu. Ta kuma zo da kwaɗon zogale a kwano, kafin a buga ƙararrawa an suɗe shi.