Yadda Noma Ya Zama Karatun Digiri a Samaru

Karatun aikin gona a matakin jami'a a Arewacin Nijeriya ya faro ne daga Samaru, a gefen Zariya, kuma gonar gwaji ta riga ajin karatu zuwa wurin da shekara 40. A 1922 Turawan mulki suka kafa tashar binciken noma a can. Abin da ya fi damunsu a lokacin shi ne auduga da gyaɗa. Masaƙun Lankashiya a Ingila na neman auduga daga wasu ƙasashe ban da Amurka, jirgin ƙasa ya riga ya isa Kano tun 1911, kuma ƙasar Zazzau da kudancin Katsina sun dace da irin audugar Amurka da ake kira Allen. Gero da dawa, waɗanda su ne cimar mutane, sai daga baya aka waiwaye su da gaske.

Ma'aikatan tashar manyansu Turawa ne da suka yi karatu a Ingila, da yawansu kuma suka ƙaro sani a kwalejin noman ƙasashe masu zafi da ke Tirinidad. Ɗan ƙasa aikinsa taimako ne. Makarantar Aikin Gona ta Samaru, wadda ta kankama a farkon shekarun 1930, tana horar da malaman gona ne, wato waɗanda za su zaga ƙauyuka a ƙarƙashin En'e su nuna wa manoma tazarar shuka, da zuba taki, da yadda ake huɗa da garmar shanu. Wannan garma ita ce babban abin da hukuma ta sa a gaba tun daga ƙarshen shekarun 1920: a ba manomi bashin shanu biyu da garma, shanun su yi masa huɗa, kashinsu ya zama taki. Gonar dabbobi ta Shika, da aka buɗe a 1928, tana cikin wannan tsari. Malamin gona na wancan zamani yana fita da takardar shaida, amma ba a tsara masa ya zama mai bincike ko mai yanke shawara ba.

Digirin noma na farko a Nijeriya a Ibadan aka fara shi, bayan kafa kwalejin jami'a a can a 1948. 'Yan Arewa kaɗan ne suka samu shiga, domin makarantun sakandaren da ke koyar da kimiyya a yankin ba su taka kara sun karya ba. Da rahoton kwamitin Ashby ya fito a 1960 yana ba da shawarar ƙarin jami'o'i, gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta kafa tata. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962, kuma Tsangayar Aikin Gona na cikin na farko. A nan aka yi dabarar da ta bambanta Samaru da sauran wurare: an ɗauki tsohuwar tashar bincike aka miƙa wa jami'a, aka sa mata suna Cibiyar Binciken Aikin Gona, wato IAR. Mutumin da ke gwajin irin dawa da safe shi ne zai shiga aji da rana ya koyar. Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka ta turo malamai a shekarun 1960 don taimaka wa tsangayar noma da ta likitancin dabbobi, ta haka tsarin Amurka na haɗa koyarwa da bincike da wayar da kan manoma ya haɗu da gadon Ingila.

Duk da haka, abin da ake koyarwa a shekarun farko ya ginu ne a kan zaton cewa manomin Arewa bai iya noma ba. Shawarar hukuma ita ce a shuka abu ɗaya a gona ɗaya, layi-layi, a kan lokaci. Manoma kuwa suka ci gaba da gauraya gero da dawa da wake da gyaɗa a fili guda, wasu su jera gero gicci a tsakanin kunyoyin gyaɗa, kuma sukan jinkirta shuka auduga sai sun gama da gonar abinci. An daɗe ana kiran wannan taurin kai. A tsakiyar shekarun 1960 wani masanin tattalin arzikin noma, David Norman, ya jagoranci bincike a ƙauyukan Ɗan Mahawayi da Doka da Hanwa, inda aka riƙa bin gidaje ana rubuta aikin da kowa ya yi da abin da ya girba. Sakamakon ya nuna manoman na da hujja. Ƙarancin hannu a watannin Yuni da Yuli, lokacin noman farko, shi ke takura su fiye da ƙarancin fili; gaurayen shuka ya fi ba da riba a kan kowace eka, kuma idan damina ta yi gardama ba a rasa komai gaba ɗaya. Daga irin wannan aiki ne aka fara koya wa ɗalibi ya tambayi manomi dalili kafin ya ba shi shawara, kuma za a iya cewa wannan ya fi kowane sabon iri da Samaru ta fitar tasiri a kan karatun kansa.

Farin 1972 zuwa 1974 da annobar da ta halaka gyaɗa a 1975 sun ƙarasa juya akalar bincike zuwa ga abinci. Ire-iren da aka fitar suna ɗauke da sunan garin: SAMSORG na dawa, SAMMAZ na masara, SAMPEA na wake, SAMNUT na gyaɗa, SAMCOT na auduga. A daidai lokacin ne ayyukan raya noma na Bankin Duniya a Funtuwa da Gusau da Gombe, da hukumomin raya kogi, da shirin ciyar da ƙasa na 1976, suka buɗe wa masu digirin noma ƙofar aiki. Wanda ya gama yana da tabbacin albashi, sau da yawa har da mota. Tsuke bakin aljihun gwamnati daga 1986 ya rufe mafi yawan wannan ƙofa.

Tsarin digirin na yau shekara biyar ne. Ana farawa da kimiyyar sinadarai da ta halittu da lissafi, a shiga ilimin ƙasa, tsirrai, dabbobi, kariyar amfanin gona da tattalin arziki, sannan a keɓe shekara ta huɗu ga aiki a gona. Ƙorafin da aka saba ji shi ne da yawa daga ɗaliban ba noma suka nema ba. Likitanci ko haɗa magunguna suka so, maki bai kai ba. Tsangayoyin noma sun yaɗu zuwa Sakkwato da Maiduguri da Kano da Wudil da Dutsin-Ma, kuma a 1988 aka kafa jami'o'in noma zalla a Makurɗi da Abeokuta.

A ƙasashen da Faransa ta mallaka an bi hanya mai kama da wannan, sai dai digirin ya makara. Makarantun Kollo a Nijar da Katibugu a Mali sun daɗe suna horar da ƙananan ma'aikatan gona, manyan kuwa sai su tafi Faransa. Jami'ar Yamai ta fara koyar da noma a shekarun 1970, kuma Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi tana da tsangayar noma da muhalli. A Burkina Faso, Jami'ar Wagadugu ta samu a 1974, amma cibiyar da ke yaye injiniyoyin raya karkara, IDR, an mayar da ita Bobo Julaso a shekarun 1990, inda take ƙarƙashin jami'ar da yanzu ake kira Nazi Boni. Yaron da ya tashi a Wagadugu yana son wannan karatu, can yamma zai nufa, kuma da Faransanci zai yi shi.