Famfon da ke ba zuciya hutu

A 1966, a Houston ta Amurka, lokotoro Michael DeBakey ya haɗa ma wata mata famfo bayan aikin zuciya. Kwana 10 famfon na tura jini, zuciyar ta huta, ta farfaɗo, aka cire shi.

To, mu nan fa? A shekarun 1970, a Zariya (ta Najeriya, ba unguwarmu ba), Davidson da Parry sun bi diddigin masu jego da zuciyarsu ke gazawa, suka zargi kunun kanwa da wankan jego. Irin wannan zuciyar takan farfaɗo in ta samu hutu, kuma a Turai yau, in abin ya tsananta, akan sa famfo. Mai jegon Tibiri ko Jiratawa kuwa, in ƙafafu sun kumbura, numfashi na sama-sama, ƙwaya ce gatanta, ita ma in an kai ta likita da wuri.