Masana'antar Motoci: Inda Najeriya Ta Sha Bamban da Ƙasashen da Suka Yi Nisa

A shekarar 1975 ne kamfanin Peugeot da ke Kakuri a Kaduna, wato PAN, ya fara fitar da motocin da aka harhaɗa a Najeriya. A ƙarshen wannan shekarar kuma kamfanin Hyundai na Koriya ta Kudu ya fito da Pony, motar farko da ya ƙera da sunansa. Yau Koriya tana ƙera motoci kimanin miliyan 4 a shekara, yayin da akasarin motocin da ke kan titunan Najeriya na hannu ne da aka shigo da su daga waje, waɗanda ake kira 'yan Kwatano ko tokumbo.

Ba za a ce gwamnatin Najeriya ba ta taɓuka ba. A shekarun 1970 ta haɗa hannu da kamfanonin Turai aka kafa masana'antu shida: Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas domin ƙananan motoci, sai Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan da ANAMMCO a Inugu domin manyan motoci. Gwamnati ce babbar mai saye, shi ya sa Peugeot 504 ta zama motar ma'aikatu da hukumomi a faɗin ƙasar. Sai dai galibin sassan motocin daga waje ake kawo su, aikin da ake yi a nan haɗawa ce. Da kuɗin mai ya faɗi, darajar naira ta karye bayan tsarin SAP na 1986, farashin sassan ya yi tashin gwauron zabo, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kasuwa ta koma hannun masu shigo da tsofaffi.

Koriya ma da haɗa motocin wasu ta fara, domin Hyundai motar Ford yake harhaɗawa kafin Pony, kuma injin Pony ɗin na Mitsubishi ne. Abin da ya bambanta shi ne sharaɗin da ke tare da tallafin. Gwamnati ta samar wa kamfanoni rance mai sauƙi, ta rufe kasuwar cikin gida ga motocin waje har zuwa 1987, amma ta tilasta musu ƙera sassa a gida da neman kasuwa a ƙetare. Ta kuma gina masana'antar ƙarfe ta POSCO wadda ke ciyar da su. A Najeriya, kamfanin ƙarfe na Ajaokuta da aka fara ginawa tun ƙarshen shekarun 1970 har yau bai kama aiki gadan-gadan ba.

A nahiyar Afirka, ƙasar Afirka ta Kudu ta ƙaddamar da shirin MIDP a 1995, ta maye gurbinsa da APDP a 2013, duka biyun suna ba kamfani rangwamen harajin shigo da kaya gwargwadon aikin da ya yi a cikin ƙasar. Gwamnatoci sun sauya, tsarin bai rushe ba. Tana ƙera motoci kusan 600,000 a shekara, fiye da rabi ana fitar da su waje, kuma ta taƙaita shigo da motocin hannu ƙwarai. Maroko kuwa da tashar jiragen ruwa ta Tanja da yankunan sassaucin haraji ta jawo Renault a 2012 da Peugeot a 2019. Hatta Amurka, mai da'awar barin kasuwa ta yi halinta, ta zuba kusan dala biliyan 80 a 2008 da 2009 don ceto masana'antar motocinta, musamman General Motors da Chrysler.

Najeriya ta sake yunƙurawa a 2013 da shirin NAIDP, wanda ya ɗora harajin kashi 70 cikin 100 a kan motocin da aka shigo da su a haɗe, ya kuma sassauta wa masu kawo sassa su haɗa a gida. Kamfanoni da dama sun karɓi lasisi. Amma shirin bai zama doka ba, domin a 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙi sa hannu a kan ƙudurin, sannan Dokar Kuɗi ta 2020 ta zaftare wani ɓangare na harajin zuwa kashi 5. Hujjar gwamnati ita ce rage tsadar sufuri, kuma hujja ce mai nauyi ga talaka. Amma wanda ya zuba jari bisa alkawarin shekara goma ya ga an sauya masa lissafi tun ba a je ko'ina ba.

Akwai masu ci gaba da aiki duk da haka. Innoson na Innocent Chukwuma yana haɗa motoci a Nnewi ta jihar Anambra tun 2010, Dangote Peugeot ya fara nasa a Kaduna a 2022. Koken da suke yawan yi bai wuce na wutar lantarki, tsadar dala, fasa-ƙwauri ta iyakokin ƙasa da rashin rancen sayen mota mai sauƙin ruwa ba, wanda shi ne ke riƙe da kasuwar sababbin motoci a sauran ƙasashe.

A watan Mayun 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da sabon shirin NAIDP na shekara goma, wanda hukumar NADDC ke kula da shi, a 2025 kuma gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta umarci hukumominta su fifita kayan cikin gida wajen sayayya. Masu masana'antun sun ce abin da suke jira shi ne a mayar da shirin doka.