Daga Madugu Zuwa Direba: Safarar Mutane a Hanyar Garwa

Garwa gari ne da ke bakin kogin Binuwai a arewacin Kamaru, kuma tun a ƙarni na 19 mahaɗar hanyoyin fatauci ne. A wancan zamani yana ƙarƙashin daular Fombina, wato Adamawa, wadda Modibbo Adama ya kafa bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Fatake Hausawa kan zo ƙasar da tufafin Kano, su koma da hauren giwa da bayi, waɗanda akasari ake kamowa a hare-haren da ake kaiwa daga Ngaundare. Abin lura a nan shi ne, mai kamo bawa daban, mai kai shi kasuwa daban. In ba da madugu da ya san hanya da zango da mashigin ruwa ba, bawa ba ya isa inda zai yi tsada.

Jamusawa sun ci Garwa a 1901, sannan sojojin Ingila da Faransa suka ƙwace ta a 1915. An rufe kasuwannin bayi na fili, amma cinikin ya ci gaba a ɓoye. Hamman Yaji na Madagali ya riƙa rubuta hare-harensa a duwatsun Mandara cikin wani kundi tun daga 1912, har zuwa 1927 da Ingilishi suka tuɓe shi.

A wannan lokaci ne cinikin ya karkata ga ƙananan yara, domin babba yana iya gudu ko ya kai ƙara. Masana tarihi sun bayyana dabarar da aka riƙa yi: sai a ajiye yaro kusa da iyaka har ya iya ɗan Fulatanci ko Hausa, a sauya masa tufafi, a ƙetara da shi a matsayin ɗa. Wasu ma ayarin maniyyata suka riƙa shiga. A nan ne shari'a ta riƙa cijewa, don kuwa alƙali na buƙatar shaida, ga shi yaron da ke gabansa yana kiran mai sayar da shi "baba". Sai a 1936 aka soke bauta baki ɗaya a Arewacin Nijeriya, a Ngaundare kuwa har cikin shekarun 1950 ana taƙaddama a kan bayin gida.

Zuwan mota ya kawar da ayari. Jirgin ƙasa ya iso Ngaundare a 1974, hanyar da ta taso daga Kuseri ta bi ta Marwa da Garwa ta zama jijiyar kai mutane kudu. Direba ya gaji madugu, tasha ta gaji zango, hatta kalmomin "fatauci" da "safara" su ne dai ake amfani da su ga mutane. Yaran da ake kaiwa aikatau ko talla a Yawunde da Duwala, da sunan riƙo ake karɓo su daga iyaye. Riƙo kuwa al'ada ce ta halal, shi ya sa fakewa da ita yake da sauƙi.

Yarjejeniyar Palermo ta 2000 ta sanya jigila cikin ayyukan da ke zama fataucin mutane, ta kuma ce amincewar yaro ba hujja ba ce. Kamaru ta yi dokar hana fataucin yara a 2005, ta faɗaɗa ta a 2011 ta haɗa da manya, da hukuncin ɗaurin shekara 10 zuwa 20. Wato direban da ya ɗauki yara bisa sani yana iya gurfana a matsayin mai laifi. Sai dai amfaninsa ga kotu a matsayin mai shaida ya fi haka yawa, kuma wannan ne ya sa masu wayar da kai ke nufar tashoshin mota. Shi da yaron motarsa da ɗan kamasho su ne suka ga wanda ya biya kuɗin yara biyar a dunƙule, suka ji ko yaran na jin harshen wanda ya ce shi ne kawunsu, suka kuma san mararrabar da ya ce a sauke su kafin a kai shingen jandarmomi.