Miƙati da Jirgin Sama: Me Ake Aunawa, Wuri ko Hanya?

Hadisin Ibn Abbas da Buhari da Muslim suka ruwaito ya ambaci wurare huɗu da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya wa masu nufin Hajji ko Umara su ɗauki harami: Zul-Hulaifa ga mutanen Madina, Juhfa ga mutanen Sham, Ƙarnul Manazil ga mutanen Najadu, Yalamlam kuma ga mutanen Yaman. Nisansu da Makka ba ɗaya ba ne. Zul-Hulaifa, wadda yau ake kira Abyar Ali, ta haura kilomita 400, alhali Ƙarnul Manazil ba ta kai 100 ba. Juhfa kuwa ta daɗe da zama kufai, har mahajjata suka koma ɗaukar harami a Rabig da ke kusa da ita.

Abin lura a hadisin shi ne bai ɗaure kowa da ƙasarsa ba, domin ya bayyana cewa kowane miƙati na mutanensa ne da duk wanda ya biyo ta kansa. Shi ya sa Bakano ko Bazindire da aka sauke a Madina yake ɗaukar haraminsa a Abyar Ali, kafaɗa da kafaɗa da ɗan Madina, ba gardama. Can za ka ga motoci jere, maza sun fito daga wanka da gyauto da mayafi farare, a yi nafila, mota na tashi talbiyya ta ɗauka.

Gardamar tana kan wanda jirginsa ya nufi Jidda kai tsaye. Shaihu Abdullahi bin Zaid Al Mahmud na Ƙatar ya yi fatawar cewa irin wannan yana iya jinkirtawa sai ya sauka, kuma Shaihu Mustafa Zarƙa ya tafi a kan haka. Hujjarsu ba ta wasa ba ce: wanda ke sararin sama bai taka miƙati ba, addini kuma sauƙi ne. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta ƙi wannan, ta ce Jidda miƙatin mazaunanta ce kawai.

A ganina magana ta biyu ta fi ƙarfi, saboda abin da ya faru zamanin Sayyidina Umar. Buhari ya ruwaito cewa bayan an kafa Basra da Kufa, mutanensu sun koka cewa Ƙarnul Manazil ta kauce wa hanyarsu. Umar bai ce su bari sai sun kusa Makka ba. Umartarsu ya yi su duba inda ya yi daura da ita a kan hanyarsu, aka tsayar musu da Zatu Irƙin. Ke nan tun farko daidaito ake aunawa, ba sai an taka ƙasar wurin ba, kuma jirgi yana yin daura da miƙati kamar yadda raƙumi ke yi.

Akwai togaciya guda da ta shafi kakanninmu. Masu tafiyar ƙasa da suka ratsa Chadi da Sudan sukan hau jirgin ruwa daga Sawakin, kuma wasu malaman fiƙihu sun ce mai zuwa ta nan yana isa Jidda kafin ya yi daura da kowane miƙati, don haka a can zai ɗauki harami. Wannan ma hukuncin hanya ne, bai kamata a shimfiɗa shi kan kowane jirgi ba tare da an san layin da ya bi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne halin da ake barin maniyyaci a ciki. Jirgi yana cin fiye da kilomita 10 a minti guda. Dattijon da haraminsa ke cikin jakar da aka auna ba abin da sanarwar kusantar miƙati a cikin jirgi za ta amfana masa. A mazhabar Malikiyya, wanda ya wuce miƙati sannan ya ɗauki harami jini ya hau kansa, ko da ya koma baya. Sanya tufafin tun daga filin jirgi kuwa ba laifi, tunda niyya ce ke shigar da mutum harami. Wajibi ne malaman bita su tambayi hukumar alhazai inda jirgi zai sauka da layin da zai bi, su faɗa wa maniyyata tun suna sansani, kafin a karɓi jakunkuna.